Gwanjon Ƙofar Wambai: abin da ya cancanci kuɗinki da abin da za ki bari a rumfa

A Kano, in ana maganar gwanjo, Ƙofar Wambai ce ke fara zuwa bakin mutane. Kasuwar tana wajen Fagge, tafiyar ƙafa ce daga Kantin Kwari, kuma ban da gwanjo akwai 'yan roba da 'yan takalma. Ga gidan da ke son kuɗin cefane ya riƙa kai ƙarshen wata, sashen gwanjon ne ya fi amfani, musamman wajen manyan yadudduka, wato zanen gado, tawul, bargo da labule, sai kuma kayan sanyin yara. Wajen waɗannan kayan, kasuwar ta yi zarra. A sauran kaya kuwa sai mai ido.

Kayan suna zuwa ne a dila, an matse su an ɗaure da ƙarfe ko igiyar roba, yawanci kilo 45 ko 55, kowace dila da nau'inta: ta rigunan maza daban, ta tawul daban, ta kayan jarirai daban. Akwai na Ingila, na Amurka, na Sin da na Koriya, kuma da yawa ta tashar Kwatano suke biyowa. Shi ya sa farashin ke bin dala da sefa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 gwanjo ya daina zama kayan banza. Ranar da aka fasa dila, masu zaɓin farko ne ke kwashe na kirki da tsada, abin da ya rage a tara shi a ƙasa ana kiran farashi ɗaya. Ga riga da wando, zaɓin farko ya fi. Ga yadin da dama yanka shi za a yi, tarin ƙasa ya isa.

Kada gida ya sayi dila sukutum. Ba a buɗe ta kafin a biya, kuma a cikinta dole a samu masu tabo da waɗanda ba su dace da kowa a gidan ba. Ɗan kasuwa yana da hanyar mayar da kuɗinsa a kan kyawawan, uwargida ba ta da ita.

Babban aibin wurin shi ne ƙarancin haske a cikin rumfuna da cunkoso, ga shi babu inda za a gwada kaya, kuma galibi in kin bar gaban mai kaya ciniki ya ƙare. Don haka a zo da safe, a zo da tef ɗin awo na tela da takardar da aka rubuta awon kowa, kuma a nemi izinin fito da kaya bakin rumfa. Yawancin 'yan kasuwar ba sa hanawa. Ki ce, "Alhaji, bari in duba a haske." Zai ce, "Bismillah Hajiya, duba da kyau." Bayan kin gama dubawa ne za ki taya, domin abin da kika gano shi ne hujjarki idan ya ce albarka.

Zanen gado a ware shi gaba ɗaya, mutum biyu su riƙe, a ɗaga shi saitin rana. Tsakiyarsa ake kallo, inda jiki ke kwanciya. In hasken ya fi ratsa tsakiya fiye da gefe, zaren ya cinye, wanki biyar ko shida zai yage. Wannan ba ya nufin a bar shi, yana nufin a rage masa kuɗi, don yana da magani: a tsaga shi biyu ta tsawo, a haɗa gefunan waje masu ƙarfi su koma tsakiya, a kalmasa sabon bakin. Zane mai roba a kusurwa shi ke yawan jawo asara, saboda awon gadon Turai ba ɗaya ba ne da namu. Wanda aka rubuta wa 135 x 190, wato santimita, zai shiga katifa mai ƙafa huɗu da rabi. Mai 150 x 200 ba zai taɓa shiga katifa mai shida da shida ba, sai mai 180 x 200. A ja robar kuma a ji. In ta yi ƙara kamar busasshen ganye ba ta koma ba, ta mutu, sai tela ya zura sabuwa.

Sanin auduga daga yadi mai roba shi ne rabin cinikin. A zafin Afrilu zanen polista ba ya shan gumi, kwana a kansa azaba ce. A fara neman 'yar takardar da ke ɗinke a gefe. In an yanke ta, a damƙi yadin a tafin hannu a saki: auduga tana riƙe yamutsa, polista yana miƙewa nan take. A gida ana iya tabbatarwa da zare ɗaya da aka zaro daga cikin kalmasa. A kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, ulu yana warin ƙonannen gashi, polista kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Tawul ɗin gwanjo na auduga sau da yawa ya fi sabon mai araha shan ruwa da daɗewa. A duba bakinsa, can yake fara zarewa, sannan a shinshina. Warin maganin da ake fesa wa dila yana fita da wanki, amma warin fumfuna tare da ɗige-ɗige baƙaƙe ba ya fita, a bar shi. Labule kuma a juya bayansa. Mai shafin roba fari a baya, wanda ke tare haske, in ya tsufa yana ɓarewa a zafinmu, ya riƙa zubar da gari a ɗaki. A kankare shi da farce a kusurwa, in ya tashi kada a saya. Labule mai shafi na yadi daban ya fi, domin yadi biyu ne a kuɗin ɗaya.

Kayan sanyin yara a saye su a Maris ko Afrilu, lokacin da mai kaya ke son ya rabu da su, ba a Nuwamba ba da kowa ke nema. A ƙara girma ɗaya saboda hunturu mai zuwa. Lambar da ke wuyan kayan Turai tsawon yaro ce a santimita: 104 wajen shekara huɗu, 116 wajen shida, 128 wajen takwas. Na Sin da Koriya sukan fi ƙanƙanta, a nan tef ne abin dogaro. A ja zif sama da ƙasa sau uku, a duba hammata da gwiwar hannu, a ɗaga suwaita a haske don ramukan asu. Dabarar nan ta naɗa ƙugun wando a wuya tana ba da kusan awo ne kawai, mai tumbi za ta yaudare shi.

Kamfai, rigar mama, safa da matashin kai, a bar su. Robarsu ta riga ta saki, matashi kuma ba ya wankuwa har ciki, arahar ba ta kai kasadar ba.

Komai aka sayo, kada ya hau gado ko ya shiga durowa sai an wanke. Ƙwarƙwata, ƙwayar ƙazuwa da kuɗin cizo duk suna mutuwa a ruwa mai zafin digiri 60. Ba sai da ma'auni ba: rabin bokiti tafasasshen ruwa, rabi ruwan famfo, zai ba da kusan haka. A zuba garin sabulu, a nutsar da kayan, a rufe bokitin minti 30, a wanke, a shanya a rana, a goge da dutsen guga mai zafi ana bin ɗinki da kalmasa, inda ƙwai ke ɓuya. Masu duhun launi a jiƙa su daban, saboda zafi yana sa su zuba. Ulu ba ya jure wannan, zai tsuke ya koma na ƙanen mai shi. A ƙulle shi a baƙar leda mako biyu, ana fitar da ledar rana, sannan a wanke da ruwan sanyi ba tare da murzawa ba. Bilic na farar auduga ne kawai. Yana cinye ulu, yana mayar da farin yadi mai roba rawaya, kuma kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai, iskar da ke tashi guba ce.

Ribar gwanjo ta gaske tana fitowa ne bayan kayan sun tsufa a hannunki. Tawul da ya zare a yanka shi murabba'i, santimita 30 kowane gefe, a kai wa tela ya kama bakin, ya zama na goge hannu da kwanuka. In ba a kama bakin ba, wanki ɗaya zai watse. Ƙafar wandon jins tana yin jakar cefane mai ɗaukar doya da albasa, sai dai a gaya wa tela ya sa allura lamba 16 ko 18, ƙarama karyewa take yi a kan ɗinki mai kauri. Rigar shan iska mai talewa ba ta zarewa, a yanka ta zirin-zirin faɗin yatsu biyu, a soka a buhun shinkafa a ƙulla, a samu abin goge ƙafa na bakin ƙofa.

Bargon da ya yi muni da yawa ma yana rage gas da gawayi. A jiƙa wake tun dare, a tafasa shi minti 15 a tukunya mai murfi mai kamawa, a sauke ba tare da an buɗe ba, a naɗe tukunyar ruf da bargon sama da ƙasa, a bar ta awa uku. Waken zai nuna da zafin kansa. Shinkafa minti biyar a wuta, minti 40 a bargo, kuma a ɗan rage mata ruwa tunda tururi ba ya fita. Tukunyar ta kasance kusan cike, domin rabin tukunya saurin hucewa take. A fara naɗe ta da tawul na auduga kafin bargon, saboda gindin tukunya yana narkar da bargo mai roba. In abincin ya wuce awa huɗu a naɗe, ko aka buɗe aka tarar ya koma ɗumi-ɗumi, a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a zuba wa yara.