Samfurin ƙwaƙwalwa na roba: kututturen ne ya biya kuɗinsa

Ƴan uwa masu karatun likitanci ko jinya da ke tunanin sayen samfurin ƙwaƙwalwar nan na roba mai ɓallewa gida-gida, ni dai nace ku saya, amma saboda abu ɗaya, kututturen ƙwaƙwalwa, wato inda ƙwaƙwalwa ke haɗewa da laka.

A littafi wurin nan a shimfiɗe yake, ka haddace yau gobe ya gudu. A nan kuwa zaka zare shi ka riƙe a hannu ka jujjuya, tsakiyar ƙwaƙwalwa a sama, fons ya kumburo a tsakiya, medula a ƙasa, wadda ita ke riƙe da numfashi da bugun zuciya da haɗiya da tari da amai, ɗan wuri ƙarami haka amma in ya samu matsala rai ne ke kan layi. A gaban medula sun fito da tudu biyun nan har inda zaruruwan motsi ke tsallakawa ɗaya gefen, sa yatsa ka bi wurin, nan take zaka gane dalilin da yasa in jini ya toshe a hagun ƙwaƙwalwa ɓarin dama ne ke shanyewa. Ka cire ƙaramar ƙwaƙwalwa ta baya kuma sai ga kogo na 4, ɗaya daga cikin kogunan da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi, a fili.

Jijiyoyin kai guda 12 ma sun sa musu lamba, ta shinshina da ta gani suna can sama, kuma naji daɗi sosai da basu manta ta 4 daga baya take fitowa ba, ita kaɗai ke yin haka cikinsu.

Inda ya gaza shine ciki. Basu yanka kututturen ba sam, don haka baƙin wurin nan mai samar da sinadarin dofamin, wanda lalacewarsa ke kawo cutar Parkinson, baka ganinsa, haka ragar jijiyoyin da ke riƙe mutum a farke, dole ka koma hotunan yanka. Wannan ya ɗan ɓata min rai gaskiya don a nan ɗalibai suka fi shan wuya. Lambobin kuma ƙanana ne, fentin na gogewa in hannu ya yawaita, kuma ƴan sandunan da ke haɗa gidajen suna sakewa, in zaka ɗaga shi tallafo shi ta ƙasa da hannu biyu.