Kofin shan shayi a waje: silba, tangaran ko mai bango biyu?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: yana fita da asuba a kan moto zuwa lambunsa a Mirriya, da dare kuma yana zama a fada, wato majalisar hira da shan shayi ta abokai, ga hunturu ya kama. Kofi ɗaya yake so wanda zai riƙa bin sa ko'ina, kuma ya rasa wanda zai ɗauka cikin waɗanda ya gani a Kasuwar Dole ta Damagaram.

Malam, kafin a zo ga ƙarfe ko tangaran, duba inda za ka sha: akwai wuta kusa da kai ko babu? A nan zaɓin ya rabu biyu. Sannan ka san cewa kofi buɗaɗɗe ta baki yake zubar da yawancin zafinsa, ta tururi. Iskar Disamba da Janairu a Damagaram busasshiya ce, tana kwashe tururin nan take, ta bar maka ƙura a maimakonsa. Shi ya sa murfi, ko da ɗan faranti ne aka kifa, ya kan yi aikin da tsadar kofi ba ta yi ba.

Kofin silba mai bango ɗaya shi ne na wanda ke zaune gefen murhun gawayi. Ba ya fashewa, ba shi da nauyi, in shayi ya huce sai a ɗora shi a kan garwashi. Aibinsa saurin hucewa da ƙona leɓe. Amma abin da ake kira silba a kasuwa iri biyu ne. Akwai alminiyum, mai taushi, wanda yake lotsewa in ka danna da yatsa, akwai kuma ƙarfen da ba ya tsatsa. Alminiyum ya fi shi kai zafi sama da sau 10, don haka bakinsa da marikinsa suna ɗaukar zafi tun kafin ka kai baki. Abu mai tsami kamar lemun tsami ko kunun tsamiya yana cin sa, ya bar ɗanɗanon ƙarfe. Juya gindin kofin: in an buga 304 ko 18/8, ƙarfe ne mai kyau. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya raba gardama, domin akwai ƙarfe mai araha da shi ma ba ya kamawa.

Kofin ƙarfe mai fentin langa ɗan'uwansa ne. Fentin nan gilashi ne aka narka a kan ƙarfe, ba ya riƙe wari, kuma yana hawa wuta muddin da ruwa a ciki. Ranar da ya faɗi a kan dutse fentin zai ɓalle, tsatsa ta shiga. In ɓallewar ta waje ce babu laifi, in ta ciki ce a mai da shi na ɗiban hatsi.

Tangaran ya fi kowa daɗin sha, bakinsa ba ya ƙuna, ɗanɗano ba ya canzawa. Sai dai kaurinsa yana shanye zafin shayin da farko, sai an ɗauraye shi da ruwan zafi na minti 1 kafin a zuba. A tsakar gida ko ƙofar gida, madalla. A bayan moto, kilomita 18 zuwa Mirriya, mariki ne zai fara tafiya.

Na roba kuwa, duba lambar da ke cikin ɗan kusurwa uku a gindinsa. Lamba 5 tana jure tafasasshen ruwa. Lamba 1, irin ta gorar ruwan sayarwa, tana lanƙwashewa. Ko mai kyaun ma yana riƙe warin madara da Nescafé, rana kuma tana busar da shi har ya tsage. Mu dai ba ma ba da shawararsa.

Saura mai bango biyu da murfi, ƙanen tarmos. Shi ne na lambu, na mai gadi, na direba, duk inda babu wuta. Nan ma ana ruɗar mutane: wani iska ce kawai tsakanin bangon biyu, wani kuma an zuƙe iskar gaba ɗaya, kuma shi ne mai riƙe zafi na awoyi. Gwajin mai sauƙi ne. Cika shi da tafasasshen ruwa, rufe, jira minti 5, taɓa jikinsa. In ya yi zafi a tsakiya, ko dai ba na gaske ba ne ko ya huje. Juya shi ƙasa kuma ka ga ko murfin na yoyo. Kada a taɓa ɗora shi a wuta: iskar da ke tsakani ko haɗin gindin na iya fashewa, ya lalace har abada. Faɗuwa mai ƙarfi da ta lotsa bangon waje har ya taɓa na ciki ita ma tana kashe shi.

Abu biyu suke ba masu irin wannan kofi matsala. Na farko madara: shayin madara da ya sauka ƙasa da digiri 60 ya daɗe a rufe yana tsami, don haka a sha shi cikin awa 2, ko a tafi da baƙin shayi a zuba madarar gari a can. A riƙa cire zoben robar murfin ana wanke shi daban, a nan wari ke ɓuya. Na biyu zafi ya yi yawa. A 2016 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar bututun da abinci ke bi zuwa ciki. Buɗe murfin na ƴan mintoci kafin kurɓar farko.

Wajen wanki, tabon shayi a ƙarfe yana fita da cokali 1 na bikarbonat a ruwan ɗumi. Ruwan jabel, wato bilic, yana huda ƙarfen, kanwa kuma tana baƙanta alminiyum.

Girma: santilita 30 zuwa 35 ya isa, mai ɗan ƙaramin baki da faɗin gindi don ya zauna a rairayi. Babban kofi rabin cika ya fi saurin hucewa.

Tunda ɗaya kake so, ɗauki mai bango biyu na 304, mai murfin murɗawa, don safiyar lambu ita ce babu wuta. A fada ai finjali ne ke zagayawa, mai dafa shayi ba zai zuba maka shayin dahuwar farko a kofin santilita 35 ba.