Abin wuyan kare mai shokin: ya hana bin kaji, ya kuma hana cin abinci

Zan fara da adalci: abin yana aiki. Karen gadin gidan gonata da ke bayan Mando ya addabi kajina, shi ya sa na sayi abin wuyan nan mai remot da ake ta tallatawa a Instagram. Maɓalli uku gare shi, na ƙara, na jijjiga da na shokin. Yaron da ke kula da wurin sai ya fara danna ƙarar tit-tit, in karen bai janye ba ya bi shi da shokin mafi rauni. Ba a daɗe ba ƙarar kaɗai ta wadatar. Kaza za ta wuce ta gaban hancinsa, ya ji tit-tit, ya koma ya kwanta. Batirin ma yana riƙe caji. A lokacin da an ce in ba shi maki, cikakke zan ba shi.

Inda abin ya ɓaci, akwai wani saiti a cikinsa da aka ce yana gane haushi ya hukunta kare da kansa. Saitin nan ba ya kashuwa. Ka kashe shi yau, ana cire abin daga caji ya dawo. Kuma ba haushi kaɗai yake ji ba. A tayar da janareta, ko babur ya wuce ta bayan katanga, sai ya saki shokin, babu ƙarar gargaɗi, babu laifin da dabba ta yi. Takardar cikin kwalin ko kalma ɗaya ba ta faɗa a kan wannan ba.

Ranar da raina ya ɓaci, ina tsaye aka zuba masa abinci. Ya sa baki ke nan sai mitar wuta ta fara kukan kati ya kusa ƙarewa, tit-tit irin na abin wuyan. Wallahi karen nan ya sandare, abinci a baki, jela tsakanin ƙafafu, jiki na rawa. Mita ta yi shiru, amma bai koma kan kwanon ba, sai ya rarrafa ƙarƙashin mota. Kare mai ci kamar gara, ga shi haƙarƙari duk a waje. Yaron ya ce, "Alhaji, ai yanzu ko babu ƙara haka yake yi, tsakar gidan ma tsoronta yake ji."

'Yar yayana da ta karanci ilimin halayya a jami'a ta zo ta gani, ta ce, "Kawu, wannan tsohon karatu ne." A 1941 wasu masana biyu a Amurka, Estes da Skinner, sun koya wa ɓeraye danna wani ƙarfe don samun abinci, sannan suka riƙa kunna ƙara suna bin ta da shokin. Daga baya ɓera na jin ƙarar sai ya daina dannawa, duk da yunwar da yake ji. Abin da mita ta yi wa karena ke nan. Amma bayanin da ya fi shiga raina na wani masani mai suna Rescorla ne, a 1968. Ya gano cewa haɗuwar ƙara da shokin kaɗai ba ita ce ke koyar da dabba ba, sai in ƙarar tana ba da labarin abin da zai zo. In shokin yana zuwa daidai wa daida, da ƙara ko babu ƙara, ɓera ba ya ɗaukar ƙarar a bakin komai. 'Yar yayan nawa ta ce da can karen ya san shiru aminci ne, shi ya sa yake ci yake wasa. Da shokin ya fara zuwa babu sanarwa, sai shirun ma ya daina zama aminci, tsoro ya bazu kan wurin gaba ɗaya.

To ni a nan ne ma na fara shakkar yabon da na yi a sama. Ko lokacin da abin ke aiki daidai, tsoro ne yake shukawa, kuma dabbar da Allah ya ba ka amanarta tana da haƙƙi a kanka. Yankin Wels na Birtaniya ya haramta irin wannan abin wuya tun 2010, mu kuma ana sayar mana da shi babu ko jan kunne.

Na rubuta wa mai sayarwar. Ya ce sauran kwastomominsa ba su yi ƙorafi ba, in rage ƙarfin shokin. Na ce ba ƙarfi nake magana ba, saitin ne ba ya kashuwa. Daga nan ya daina amsawa, kuɗi kuwa ba a ma zancensu.

Mun cire abin, mun mayar da kwanonsa bayan sito, nesa da mita, an kuma kewaye kajin da waya. Ya fara ci, amma har yanzu in wayar wani ta yi tit sai ya ɗaga kai ya daina tauna, kuma gadin da na ajiye shi dominsa ya ja baya sosai. Duk mai niyyar saye ya sa a gwada masa saitin haushin a gabansa, a kashe, a sa a caji, a cire, ya ga ko ya dawo. Ni dai ba zan sake sa wa dabbata shi ba.