Hita ce ko iska a layin mai? Ga yadda za ka bambance su

Salam ɗan uwa. Ka ce tsohuwar motarka ta dizal da safe sai ka yi ta murza makulli har batir ya fara gajiya kafin ta kama, amma in ta ɗau zafi taɓawa ɗaya take tashi, kuma wani bakanike ya ce hita ce (ƙananan ƙarafan da ke ɗumama cikin silinda da wutar batir kafin injin ya tashi), wani ya ce iska take sha, wanne za ka bi. Kowannensu zai iya zama mai gaskiya, don haka kar ka sayi komai tukuna.

Injin dizal ba shi da fulogi irin na fetur, iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa in nozul, wato bakin da ke watsa mai cikin silinda, ya fesa. Kenan abu biyu yake nema da safe, zafi da mai. Mutuwar hita rashin zafi ne, shan iska kuma rashin mai ne, shi ya sa alamunsu ba sa zama ɗaya.

Gobe da safe kafin a taɓa motar, sa wani ya murza maka, kai ka tsaya a bayan salansa. In farin hayaƙi na fita mai warin ɗanyen gas har yana yaji a ido, to mai yana isowa, ƙonewa ne ba ya yi, wannan ɓangaren hita ne. In kuwa injin na ta juyawa amma salansa wayam, man ne bai zo ba.

Sannan ka lura, hita da sanyi take rigima, iska kuwa da daɗewar ajiya. Mai matacciyar hita ranar da gari ya fi sanyi ta fi ba ka wahala, amma ka ajiye ta cikin rana ko awa shida ta yi za ta iya tashi ba gardama. Mai shan iska ba ruwanta da sanyi ko zafi, man ne ke sulalewa a hankali yana komawa tanki, awa biyu lafiya lau, kwana ɗaya wahala, kwana uku kuwa sai kun yi da gaske. Yadda suke tashi ma daban ne, mai hita tana kamawa da silinda biyu ko uku tana karkarwa tana hayaƙi kafin ta daidaita, mai iska kuwa sau da yawa ras take tashi da ɗan man da ya kwana a famfo, bayan daƙiƙa kaɗan ta mutu, daga nan doguwar murzar take farawa.

Gwajin hita ba wuya. A kwance wayar da ta haɗa kawunansu, a auna kowacce ita kaɗai da mitar masu gyaran wuta, mai lafiya a motar 12V wajen ohm 1 take nunawa, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, wadda ta ƙone kuwa mitar ba za ta motsa ba. A duba fis da rile (makunnin da ke tura wa hitocin wuta) ma, don fitilar da ke kunnawa a dashbod ba shaida ba ce cewa wuta ta isa kan hitocin. In duk suna lafiya kuma farin hayaƙin na nan, sai a koma kan nozul da kwamfireshan, wato ƙarfin da injin ke matse iska da shi.

Na iska kuwa ko sifana ba ka buƙata da farko. Yawancin tsofaffin nan suna da ɗan famfon hannu a kan filta, danna shi da safe, in ka ji shi laɓa-laɓa ka ci gaba da dannawa har ya yi tauri sannan ka murza, in ta tashi nan take ka kama ɓarawon. In kana so ka gani da idonka, sa guntun tiyo mai garai-garai tsakanin filta da injekta famfo ka kalli kumfa na wucewa. Abin da ke rikita mutane shi ne wurin da iska ke shiga sau da yawa ba ya ɗigar da mai, don layin zuƙo ne, ciki yake ja. Ni kaina na taɓa canza hita huɗu a banza, ashe ɗan ƙaramin tiyon da ke mayar da mai daga nozul ne ya tsage, tsagar ma sai da na lanƙwasa shi da yatsa na gan ta, robar ta bushe ta yi ƙamas. Wallahi ranar na ji takaici. Duba waɗannan tiyon, da robar bakin filta, da shi kansa famfon hannun.

Kafin duka biyun ka saurari kik, wato na'urar da ke juya injin in ka murza makulli. In juyin injin ya yi nauyi yana ja da ƙyar, iskar ba za ta matsu da saurin da za ta yi zafi ba, sai ya yi maka kama da matsalar hita. Cikakken batir 12.6V yake nunawa a zaune, lokacin murzawa kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10V ba. Goge kawunan batir da wayar da ta kama bodi. Kuma kar ka wuce daƙiƙa 15 kana murzawa, ka bar kik ya huce. Don Allah kar a fesa maka feshin tada inji a motar da ke da hita, yana iya kamawa tun fistin bai kai sama ba ya fasa rin, wato zoben fistin.

Ni da zan zaɓa maka, da gwajin famfon hannu zan fara tunda ba ya cin komai. Ka yi shi gobe, ka kalli salansar, sai ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.