Manhajar cinikin kanti: ka ɗauki mai ajiya a intanet, amma kada ka saki tsohuwar a rana ɗaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin biyun da ka ambata, wato sayen sabon samfurin manhajar ciniki da ake girkawa a kwamfuta ɗaya, ko komawa wadda ke ajiye lissafin kanti a intanet, ta biyun zan ce ka ɗauka. Dukansu sun ratsa hannuna.

Ta kwamfuta na fara saya, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Abin da zan yaba mata bai wuce biyu ba: sau ɗaya ake biya, kuma ba ruwanta da intanet. Amma duk lissafin kantin yana cikin akwati ɗaya a ƙarƙashin kanta. Ranar da ma'ajiyar kwamfutata ta mutu, na ɗauko filas ɗin da nake kwafe bayanai a kai, sai na tarar kwafin ƙarshe ya yi wata huɗu. Sunayen masu bashi, farashin da na saro kaya, duk suka tafi. Kwana biyu muka rufe muna ƙirga kaya da biro da takarda. Shi ma "sau ɗaya ake biya" ɗin yana da wa'adi. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma manhajoji da yawa na irin wannan a kansu suke zaune. Kamfanin Intuit ma ya janye hannu daga manhajarsa ta ciniki, QuickBooks Point of Sale ta kwamfuta, a Oktoban 2023, masu ita suka shiga neman mafita.

Yanzu Loyverse, ɗaya daga cikin masu ajiya a intanet, nake amfani da ita a kan tabalet. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti na yi mako biyu ban taka kantin ba. Kullum da dare in ta samu barci, sai in zauna a bakin gado in buɗe wayata: ga cinikin yini, ga kayan da suka kusa ƙarewa, ga rasit ɗin da aka mayar da kuɗinsa da lokacin da aka yi hakan. Wata rana na ga an mayar da kuɗin kaya biyu a jere da yamma, na kira yaron kanti, ya ce wata kwastoma ce ta dawo da su saboda kwalin ya fashe. Washegari na sa ya ɗauko min hotonsu, haka ne kuwa. A cikin makon ne kuma tabalet ɗin ta faɗo daga kanta gilashinta ya tarwatse. Yaron ya sauke manhajar a wayarsa, na faɗa masa ta waya yadda zai shiga asusun, kafin kwastoman da ke tsaye ya gaji da jira an buga masa rasit. Ko layi ɗaya bai ɓata ba. Wallahi tun daga ranar hankalina ya kwanta da ita.

Ba wai ba ta da nata ba. Sayarwa da buga rasit kyauta ne, amma in kana son kowane kashiya ya samu lambar sirrinsa da iyakar abin da zai iya taɓawa, sai ka biya wata-wata. In intanet ya ɗauke tana ci gaba da sayarwa ta tura daga baya, sai dai in kanta biyu gare ka, ɗaya ba za ta san abin da ɗayar ta sayar ba sai sabis ya dawo. Akwai irinta da dama. Odoo a burauza take buɗewa. Square kuwa a 'yan ƙasashe kawai take aiki, irin su Amurka, Kanada, Birtaniya da Japan, don haka ka bincika kafin wani ya tallata maka ita.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu girkawa. Wasu manhajar sata suke sa maka su karɓi kuɗin lasisi, ba za ka gane ba sai ranar da ta kulle. Araha ba ta ado. Wasu kuma su buɗe asusun da imel ɗinsu, ka wayi gari lissafin kantinka yana hannun wani, in kun saɓa sai ka roƙe shi. Da imel ɗinka da lambar wayarka za a buɗe, kai za ka rubuta kalmar sirri da hannunka. In ya ce dole ka sayi sabuwar firinta da sikana mai karanta lambar kaya a wurinsa, ka ce a gwada naka tukuna. Yawancin sikana masu USB tamkar kibod kwamfuta take ɗaukarsu. Firinta ce mai rigima: ka duba ko faɗin takardarta milimita 58 ne ko 80, ka kuma duba sunanta a jerin waɗanda manhajar ta yarda da su.

Gani ya kori ji: ka sa mai girkawar ya kashe intanet a gabanka ya sayar da kaya uku, sannan ya fitar maka da jerin kayanka duka a fayil ɗin CSV da Excel ke buɗewa. Wadda ta kasa ɗaya daga cikin biyun nan, ka bar masa abarsa.

Ranar ƙaura, ka fitar da jerin kaya daga tsohuwar, ka goge waɗanda aka shigar sau biyu, ka ƙirga abin da ke kan shelf bayan an rufe, sannan ka loda. Masu bashi ka buga su a takarda ka adana daban. Tsohuwar kwamfutar kuma ka bar ta a kunne mako guda, kullum da yamma kana haɗa jimillar sabuwar da kuɗin da ke cikin durowa.