Injin feshi ko share kewayen gona: amsa ga Alhaji mai gonar kashu

Alhaji, ka ce gonarka ta kashu tana bayan Techiman a Ghana, kai kana nan Aboabo cikin Kumasi, kana so ka kare ta daga wutar daji, kuma kuɗin hannunka abu ɗaya za su yi: ko ka sayi injin feshi na goyo da mabugan wuta, ko ka biya leburori su share kewayen gonar. Ni dai sharar zan fara yi, amma bari in jera maka su biyun ka auna da kanka.

Wuta da abu uku take rayuwa: abin da za ta ci, iska, da zafi. Mai bugu da mai feshi suna hana ta iska da zafi ne. Mai shara kuwa abincin yake ɗauke mata tun ba ta zo ba.

Bugun wuta, ko da ɗanyen reshe ko da sandar nan mai faffaɗar roba a baka, yana aiki sosai muddin harshen wutar bai wuce ƙirjin mutum ba. Masu aikin kashe wutar daji a Amurka sun sa iyakar a ƙafa 4, kusan mita 1.2. Ya wuce haka, zafin kaɗai zai kore ka kafin sandarka ta kai. Kuma ba a tarar ta gaba da gaba. Daga baya ake farawa, inda ta riga ta cinye, a bi gefe da gefe ana matse ta har bakinta ya tsuke, ƙafarka ɗaya kullum a kan toka, domin wurin da ya ƙone ba ya sake ƙonewa, can ne mafakarka in iska ta juya. Injin goyo lita 15 ko 16 yake ɗauka, kafin ka ankara ya ƙare, kuma a watan Janairu rafin da kake taƙama da shi ƙila ya ƙafe. Babban aibinsa a wurinka shi ne sai da mutum a wurin. Wutar da mai farautar gyazbi ko mai ƙona gawayi ya bari ta kuɓuce da azahar, lokacin da iskar hunturu ta busar da komai, ba za ta jira ka taso daga Kumasi tafiyar fiye da awa biyu ba.

Sharar kewaye ita ce mai gadin da ba ya barci. Amma a yi ta da gaske: a sare da adda, a kankare da fartanya har ƙasa ta fito fili, a janye tarkacen nesa, kada a tara shi a bakin layin. Faɗin ya danganta da abin da ke wajen gonar. In ciyawa ce doguwa ko ciyawar Acheampong da ta bushe, mita biyu wasa ne, wutar ta kwanta ta haye. Ka ƙara faɗi ta gefen arewa maso gabas, inda hunturu ke busowa, da kuma ta gangare, don wuta ta fi gudu in tana hawa tudu: harshenta na kwantawa kan ciyawar da ke sama yana gasa ta tun bai iso ba. Haka ta cim ma ma'aikatan kashe wuta a kwarin Mann Gulch na jihar Montana ta Amurka a 1949, suna gudu suna hawa, mutum 13 suka rasu.

Sharar ma tana da nata rauni. Tartsatsi na tsallake layi in iska ta yi ƙarfi, kuma busasshen ganye na sake rufe shi cikin makonni kaɗan. Wanda ya share a Nuwamba bai koma ba sai Fabrairu, gada ya shimfiɗa wa wuta. Ƙarƙashin itatuwan ma a rage ciyawa.

Wasu za su ce ka kunna wuta daga layin ta je ta tari mai zuwa. Dabara ce ta gaske, amma don Allah kada yaron gonarka ya gwada shi kaɗai. Dokar Ghana mai lamba 229 ta 1990, ta zamanin gwamnatin soja ta PNDC, wadda ta biyo bayan gobarar 1983 da iyayenmu har yau suke ba da labarin yunwarta, ta haramta tayar da wutar daji, ita ce kuma ta tanadi 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa. Ka nemi na ƙauyen, ka haɗa kai da maƙwabta ku share tare, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, naka za ka shafa wa ruwa.

In canji ya ragu bayan sharar, sayi injin ko da guda ɗaya, don kashe tartsatsin da ya tsallako da kututturen da ke ci a ɓoye. Ka gaya wa yaron ya sa rigar auduga da takalmi rufaffe, ban da leda mai narkewa a jiki, ya kuma ajiye lambar 'yan kwana-kwana 192 ko ta kiran gaggawa 112 a wayarsa.