Na biya mai auna ƙasa kafin haƙa burtsatse a Rigachikun

Bara da bazara rijiyar gidanmu ta ƙafe ƙaf, 'yan ga-ruwa kuma suka shiga yi mana yanga. Maƙwabcina ya riga ni kiran masu injin haƙa, aka nitsa mita 60, ba abin da ya fito sai farar ƙura. Ganin gemunsa ya kama wuta, na shafa wa nawa ruwa, na ɗauko mai auna ƙasa tukuna.

Ya zo da yara biyu, da ƙullin wayoyi, da turakun ƙarfe da suka riƙa kafawa a jere har bakin titi. Lantarki yake turawa cikin ƙasa: inda ke da danshi wuta na wucewa da sauƙi, busasshen dutse kuwa sai ya tare ta. Na nuna masa ƙofar gida, inda nake so. Ya dubi na'urarsa ya ce, "Alhaji, nan ko jikanka ne zai ci gaba da haƙa, falalen dutse zai tarar."

Abin da ya fi burge ni bayaninsa ne, yana yi yana zane da tsinke a ƙasa. Kaduna a kan tsohon dutse take zaune, wanda wani ɓangarensa ya narke ya sake daskarewa a can ƙarƙashi wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo. Ruwan sama da rana suka yi ta cinsa. Mai taurin kai ya tsaya, shi ne irin su Kufena a Zariya da duwatsun Kajuru. Wanda ya ruɓe ya zama jar ƙasa da marmarar da muke gini a kai. Don haka mu ba kamar Maiduguri ba ne, inda rairayi ke riƙe ruwa shimfiɗe a ƙarƙashi. Namu ruwan a ruɓaɓɓen dutse yake, ko a tsagarsa, ka kuskure tsagar da taku goma ka yi asara. Ya ce irin waɗannan tsage-tsagen ne ruwan zafi ya bi a da can, ya bar zinaren Birnin Gwari cikin farin dutse. Na ce, "Injiniya, da ka duba mana ko akwai a nan." Ko murmushi bai yi ba.

Inda na ga gazawarsa: rahoton ya makara kwana huɗu, kuma duk Turanci ne da zane-zanen da ban gane ba. Ya ce za a samu ruwa a mita 45, sai a 52 laka ta fara tsartuwa, masu haƙa kuwa da mita suke caji. Wurin da ya zaɓa ma bayan kicin ne, sai da aka fasa katanga motar ta shiga, uwargida ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Ruwan dai bai yanke ba ko a watan Afrilu. Maƙwabcin nawa ma yanzu a nan yaransa ke ɗiba.